Me ya haɗa alade da dashen ido? Yadda ake binciken dalilin da jiki ke ƙin sabuwar koniya

Duk wanda gilashin kyamarar wayarsa ya taɓa karcewa ya san yadda abin yake. Na'urar ɗaukar hoton da ke ciki lafiyarta lau, manhajar ma tana aiki, amma kowane hoto sai ya fito kamar an ɗauka cikin hazo. A kai ta wurin masu gyara a Farm Centre, su cire gilashin su manna wani, shi ke nan.

Idon mutum ma yana da irin wannan gilashi a gabansa. Likitoci suna kiransa koniya. Wata fata ce garau mai kamar murfin agogo da ta rufe baƙin ido, faɗinta bai wuce milimita 12 ba, kaurinta a tsakiya kuma kusan rabin milimita. Ita ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske kafin ya shiga cikin ido. Idan ta yi tabo sai ta koma fari, abin da Hausawa ke kira hakiya. Hakiya daban, yanar ido daban: yana tana can ciki ne a bayan baƙin ido, kuma aikinta ya zama ruwan dare a asibitocin Kano. Hakiya idan ta yi zurfi, maganinta shi ne a yanke wurin da ya lalace a ɗinka koniyar wani mutum.

A nan ne ido ya rabu da waya. Waya ba ta damu da inda aka samo sabon gilashi ba. Jiki kuwa yana iya gane cewa abin da aka ɗinka masa ba nasa ba ne, ya tura dakarunsa su lalata shi. Domin fahimtar wannan ƙin dashe ne masu bincike a Turai suka koma ga wata dabbar da Bahaushe ba ya ko son jin sunanta.

Yadda hakiya ke farawa a gona

A ƙauyukan Rogo, irin su Zarewa, Fulatan da Beli, mafi yawan mutane da noma suke rayuwa. Lokacin kaka, ganyen masara ko na rake ko ƙaiƙayin dawa kan shafi idon manomi. Abin kamar wasa: ɗan ƙaiƙayi, ɗan hawaye. Amma karcen da tsiro ya yi yakan shigar da ƙwayar cuta, musamman irin ta fumfuna, cikin koniya. Kwana biyu ko uku sai gyambo ya fito. Daga nan sai a fara gwaje-gwaje a gida, wani ya ce a ɗiga ruwan ganye, wani ya kawo ragowar maganin ɗigawa da aka taɓa rubuta wa wani. Mafi haɗari a ciki shi ne maganin ɗigawa mai sitiroid da ake saya a kemis ba tare da likita ya duba ba. Yana kwantar da jan ido, mutum ya ga kamar ya samu sauƙi, alhali fumfunar tana ƙara cin koniya ne. Kafin a yanke shawarar biyan kuɗin mota zuwa Kano, ido ya riga ya yi fari.

Ban da rauni a gona, akwai ƙyanda da ƙarancin sinadarin bitamin A a yara, akwai kuma amosanin ido, wanda ke juyar da gashin ido ciki yana goge koniya shekara da shekaru. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, sama da mutum miliyan ɗaya ke nan, kuma kusan kashi 8 cikin ɗari na wannan makanta tabon koniya ne ya jawo ta. Adadin makafi ya fi yawa a Arewa.

Akwai wani abu guda game da irin wannan ido da ya kamata a riƙe, domin shi ne zuciyar batun. Idon da ya daɗe da gyambo ba tabo kawai yake yi ba. Ƙananan jijiyoyin jini suna kutsawa daga farin ido su shiga cikin koniya.

Dalilin da ya sa koniya ta fi ƙoda sauƙin dashe

Dashen koniya ya girmi dashen ƙoda da kusan shekara hamsin. A ranar 7 ga Disamba 1905, wani likita mai suna Eduard Zirm a garin Olomouc, wanda yanzu yake cikin Jamhuriyar Cek, ya ɗinka wa wani leburan gona da farar ƙasa ta ƙone wa idanu sabuwar koniya. An samo ta ne daga idon wani yaro ɗan shekara 11 da aka cire saboda rauni. Ido ɗaya ya lalace, ɗayan kuwa ya ci gaba da gani. A lokacin babu maganin kashe ƙwayoyin cuta irin na yau, babu maganin danne garkuwar jiki, amma aikin ya yi.

Sirrin shi ne lafiyayyar koniya ba ta da jijiyar jini ko ɗaya. Iskar da take buƙata tana samun ta ne ta cikin hawaye, abincinta kuma daga ruwan da ke bayanta. Ba ta kuma da hanyoyin da ke kwasar labari daga gaɓa su kai wa kaluluwa, inda ake horar da dakarun garkuwar jiki. Idan aka kwatanta da kwamfuta, koniya kamar na'ura ce da ba a haɗa da intanet ba: babu layin da za a kai rahoton baƙo, babu kuma hanyar da masu kai hari za su biyo. Bugu da ƙari, ruwan cikin ido yana ɗauke da sinadarai masu sanyaya garkuwar jiki, ƙwayoyin koniyar kansu ma suna da wata alama da ke sa dakarun da suka matso su mutu. Peter Medawar, masanin Ingila da ya samu kyautar Nobel a 1960, yana cikin waɗanda suka nuna a 1948 cewa gaban ido wuri ne da garkuwar jiki ke ɗaga wa ƙafa.

Shi ya sa a idon da babu jijiyoyi a koniyarsa, kusan tara cikin goma na dashe suna nan garau bayan shekara ɗaya, ba tare da an tsaya daidaita jinin mai bayarwa da mai karɓa ba. Amma da zarar jijiyoyi sun shiga, an haɗa layin ke nan. A irin wannan ido, rabin masu dashe ko fiye da haka suna fuskantar ƙin dashe. Likitoci suna kiransa ido mai babban haɗari, kuma shi ne ainihin idon da manomin da aka bayyana a sama zai kai asibiti.

Me ke faruwa idan jiki ya ƙi dashe

A bayan koniya, ta ciki, akwai shimfiɗa ɗaya tak ta ƙwayoyin halitta da aikinsu famfo ne. Dare da rana suna zuƙe ruwa daga cikin koniya domin ta kasance garau. Baligi yana da kusan 2,500 zuwa 3,000 a kowane murabba'in milimita, kuma a jikin mutum wadda ta mutu ba ta da magaji. Idan dakarun da ake kira ƙwayoyin T suka gane cewa wannan shimfiɗa baƙuwa ce, sai su fara kashe ta. Wani lokaci suna tafiya ne a jere kamar wutar daji, har likita yana iya ganin layinsu da na'urar duba ido. Ana kiransa layin Khodadoust, da sunan Ali Khodadoust, likitan ido ɗan Iran da ya bayyana shi tare da Arthur Silverstein a 1969, a gwajin da suka yi kan zomaye a Amurka. Inda layin ya wuce famfo ya mutu, koniya ta sha ruwa ta kumbura, hazo ya dawo.

Ɓera, zomo, sannan alade

Ba za a iya cire idon mutum a tsakiyar ƙin dashe don a leƙa abin da ke faruwa ciki ba. Ba za a kuma hana wani rukunin marasa lafiya magani don a ga yadda za su ƙare ba. Dole a samu dabbar gwaji. Masu rubuta manhaja sun san wannan matsala: manhajar da ta yi aiki sumul a wayar gwaji da ke kan allon kwamfuta tana iya sandarewa a kan Itel ɗin da ke hannun mutane. Iya kusancin na'urar gwaji da ta gaske, iya amfanin sakamakon.

Mafi yawan abin da aka sani game da ƙin dashen koniya daga ɓeraye aka koyo shi. Suna da arha, suna hayayyafa da sauri, an san ƙwayoyin gadonsu ciki da waje. Matsalar ita ce idon ɓera bai fi ƙwayar dawa girma ba. Yankin da ake dasawa kusan milimita 2 ne, don haka zaren ɗinki kaɗai yana cin babban wuri kuma yana tayar da kumburi, ko'ina a dashen kuma yana dab da jijiyoyin gefe. Maganin da aka ɗiga a irin wannan siririyar koniya yana ratsa ta nan take, ba kamar ta mutum ba.

Zomo yana da babban ido, amma yana da nasa aibin: ƙwayoyin famfon nan na bayan koniyarsa suna sake tsirowa idan sun mutu. Dashen da a mutum ya lalace har abada, a zomo yana iya washewa da kansa, mai bincike ya zaci maganinsa ne ya yi aiki. Biri ya fi kowa kama da mutum, sai dai tsada da dokokin kare dabbobi sun sa ba kasafai ake amfani da shi ba.

Idon alade kuwa girmansa ya yi kusa da na mutum. Koniyarsa ta fi ta mutum kauri, amma ana iya yi mata aiki da wuƙaƙe da zare da madubin tiyata iri ɗaya da na asibiti. Da ma an daɗe ana koya wa sababbin likitocin ido tiyata da idanun aladu daga mayanka. Garkuwar jikinsa ma ta fi ta ɓera kama da ta ɗan Adam. Ba aladun kiwo ake amfani da su ba, domin suna girma su zama ba sa ɗaukuwa, sai wasu ƙananan irin da aka tanada don bincike.

A 2007 wasu masu bincike a Jamhuriyar Cek, ƙasar da Zirm ya yi aikinsa, suka wallafa gwajin da suka yi a kan irin waɗannan ƙananan aladu a mujallar Transplantation. Sun dasa koniya mai faɗin milimita 7 daga alade zuwa alade, kusan girman da ake yi wa mutane. Sun raba dabbobin gida huɗu: masu lafiyayyen ido ba magani, masu idon da aka sa jijiyoyi suka tsiro a koniyarsa ba magani, masu jijiyoyi da ake ɗiga wa sitiroid, da masu jijiyoyi da ake ba haɗin magungunan danne garkuwa ta baki. Yadda ƙin dashen ya bayyana, a ido da kuma ƙarƙashin madubi, ya yi kama sosai da na mutane. Abin da ya fi jan hankali shi ne sakamakon farko ya nuna maganin ɗigawa ya fi haɗin magungunan sha kare dashen. Dabbobin ba su da yawa, su kansu masu binciken ba su ce magana ta ƙare ba, amma ga mara lafiyar da ba shi da hali wannan ba ƙaramin batu ba ne. Magungunan sha irin su cyclosporine suna da tsada, suna taɓa ƙoda, suna kuma buƙatar gwajin jini a kai a kai.

A 2012 wata tawaga a Jami'ar Bristol ta Ingila ta je gaba da haka. Sun yi amfani da irin aladun da David Sachs ya fara kiwo a cibiyar binciken lafiya ta Amurka a shekarun 1970, waɗanda an san ainihin alamomin da ke jikin ƙwayoyinsu, wato abin da garkuwar jiki ke karantawa kamar katin shaida. Hakan ya ba su damar zaɓar yawan bambancin da ke tsakanin mai bayarwa da mai karɓa. Da suka duba dashen da a ido yake garau, wanda kowane likita zai ce jiki ya karɓa, sai suka tarar da ƙwayoyin T da yawa a cikinsa. Ma'ana, washewar dashe ba ta nufin dakarun ba su iso ba. Suna iya kasancewa a ciki suna zaune shiru. Wannan ya yi daidai da abin da likitoci suka daɗe suna gani, cewa mutum yana iya shekaru da dashe lafiya, ya daina ɗiga magani ko wani ciwo ya taɓa idon, sai ƙin dashe ya tashi.

Alade ma ba cikakke ba ne. Ba ya zama a gaban na'ura a duba shi sai an sa masa maganin barci, ciyar da shi wata da watanni yana cin kuɗi, kayan gwajin ƙwayoyinsa ba su kai na ɓera yawa ba. Shi ya sa irin wannan bincike bai da yawa, kuma kowannensu dabbobi kaɗan ne a ciki.

Daga dabbar gwaji zuwa kayan gyara

Akwai batu na biyu da ake yawan cakuɗawa da na farko. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 12.7 a duniya suna jiran koniya, kuma ɗaya ce kawai ake samu ga kowane mutum 70 da ke buƙata. Najeriya tana da dokar dashen koniya tun 1973, akwai kuma ma'ajiyar ido a Legas, amma masu yin wasiyya da idanunsu ƙalilan ne. Dole a cire koniya cikin 'yan awanni bayan rasuwa, a Arewa kuma cikin waɗannan awanni ake wanka da sallah da binnewa. Wadda aka adana a sanyi ba ta wuce kusan mako biyu.

Wannan ƙaranci ne ya sa ake tunanin amfani da jikin aladen kansa. Tunanin tsoho ne: a 1838 Richard Kissam a New York ya ɗinka wa wani mutum koniyar alade, cikin 'yan makonni ta yi fari. Ƙwayoyin alade suna da wani sukari a jikinsu da garkuwar ɗan Adam ke kai wa hari. Yanzu hanya biyu ake bi. Ko dai a gyara ƙwayoyin gadon aladen a cire wannan sukari, kamar wanda aka dasa wa David Bennett zuciyarsa a Jami'ar Maryland a Janairun 2022 ya rayu wata biyu, ko kuma a wanke ƙwayoyin aladen gaba ɗaya a bar ƙwarangwal ɗin. Sin ta amince da irin wannan wankakkiyar koniya a 2015. A Agustan 2022 kuma masu bincike a Jami'ar Linköping ta Suwidin, ƙarƙashin Mehrdad Rafat da Neil Lagali, suka ba da rahoton wata koniya da suka ƙera daga sinadarin kolajin na fatar alade. An saka wa mutum 20 a Indiya da Iran, 14 daga cikinsu makafi ne kafin aikin. Bayan shekara biyu babu makaho ko ɗaya a cikinsu, kuma mako takwas kawai suka yi suna ɗiga maganin danne garkuwa. Ana iya ajiye ta har shekara biyu.

Kafin a yi murna, waɗannan mutum 20 ba hakiya ce da su ba. Wata cuta ce da koniya ke sirancewa ta yi tsini, ba tabo ba jijiyoyi. Idon da gyambo ya cinye matsala ce daban.

Tambayar halal da haram ba za ta rasa tasowa ba, kuma ta malamai ce. Abin da ke rubuce shi ne majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta dasa gaɓar mamaci ga mai rai bisa sharuɗɗa, ciki har da izininsa ko na magadansa, har ta kawo misali da koniyar idon da aka cire saboda ciwo. Game da abin da aka samo daga alade, malamai suna tattauna shi ne a babin larura da babin rikiɗewar abu daga asalinsa, kuma ba duka bakinsu ya zo ɗaya ba. Ɗaya daga cikin jagororin aikin zuciyar Maryland, Muhammad Mohiuddin, Musulmi ne haifaffen Pakistan. Gwajin da ake yi daga alade zuwa alade kuwa babu abin da yake sakawa a jikin mutum in ban da ilimin da aka samu.

Abin da waya za ta iya, da wanda ba za ta iya ba

Wanda aka yi wa dashe yana da alamomi huɗu da zai sa wa ido: jan ido, rashin jure haske, raguwar gani, da zafi. Ɗaya daga ciki ta isa a tafi asibiti a ranar, domin idan aka kama ƙin dashe da wuri, sitiroid da likita zai rubuta a riƙa ɗigawa akai-akai yakan mayar da shi baya. Idan aka yi mako ana jiran ranar kasuwa, famfon da ya mutu ya mutu. Ga mutumin Rogo wannan yana nufin tafiya zuwa inda ƙwararru suke, kamar asibitin ido na ECWA da ke Kano tun 1943, ko asibitin koyarwa na Aminu Kano, ko cibiyar ido ta ƙasa da ke Kaduna. Kuɗin waɗannan zirga-zirga na shekaru wani ɓangare ne na kuɗin dashe da ba a cika lissafa shi ba.

Ƙararrawar waya tana iya tuna wa mutum lokacin ɗigawa, abin da dattijo zai iya mantawa amma jikansa mai waya ba zai manta ba. Manhajar Peek Acuity, wadda aka gwada a Kenya, tana auna ƙarfin gani da harafi ɗaya da ke juyawa a allo, don haka ko wanda bai yi boko ba zai iya nuna inda ya fuskanta da hannu. Idan ana aunawa duk mako, raguwar gani za ta bayyana a lamba. Hoton ido da aka ɗauka a haske mai kyau aka tura wa ma'aikacin lafiya ta WhatsApp yana nuna ja ko farin gyambo. Amma layin Khodadoust da ƙananan ɗigon da ke manne a bayan koniya ba sa fitowa a kyamarar waya komai yawan megafiksel ɗinta, sai da na'urar asibiti mai siririn haske. Haka ma hawan jinin ido, wanda daɗewa ana ɗiga sitiroid ke iya jawowa ba tare da mutum ya ji komai ba, sai an auna shi a asibiti.